Data Mara Iyaka: Ta Cancanci Kuɗinta Ko Kallon Kitse Ake Wa Rogo?

Tambayar ta zo daga wani mai shagon buga takardu a Samaru, Zariya. Ga abin da ya ce a taƙaice: yana da kwamfuta biyu a shago, a gida kuma su huɗu ne masu babbar waya, shi da uwargida da yara biyu ɗalibai. Idan ya haɗa abin da suke kashewa a data yakan kai naira 24,000 a wata, kuma duk da haka kullum sai wani ya zo ya ce tasa ta ƙare. An yi masa tallar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ta naira 40,000 tare da tsarin data mara iyaka na naira 30,000 a wata. Ya saya, ko ya zauna a inda yake?

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. Ba don tsarin ba shi da kyau ba, sai don akwai abubuwa uku da ya kamata ka auna da hannunka kafin ka fitar da naira 70,000 a rana ɗaya, kuma duka ukun ba za su ci maka fiye da mako biyu da ɗan canji ba. Amma bari mu fara da kalmar da ke ruɗar mutane.

Babu kamfanin waya da ke sayar da data mara iyaka a ma'anar da kunne ke ji. Abin da ake yi shi ne a ɗauke iyakar daga wuri ɗaya a mayar da ita wani wuri. Ka ɗauki misalin ruwa. Data ta yau da kullum kamar sayen ruwa ne wajen ɗan garuwa: jarka goma ka biya, jarka goma za a sauke maka, in ta ƙare ta ƙare. Data mara iyaka kuwa famfo ce. Ba wanda zai zo ya yanke maka, amma bayan ka ɗebi wani adadi sai a matse kan famfon har ruwan ya koma ɗiga. Famfon na nan, ruwan na zuwa, sai dai cika bokiti ɗaya zai ɗauke ka rabin yini. Wannan matsewar ita ce suke rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan talla da sunan FUP, wato ƙa'idar amfani cikin adalci. Duk tsarin da aka ce maka mara iyaka ne, tambayarka ta farko ita ce: gig nawa zan ci kafin a rage min gudu, kuma in an rage, zuwa nawa?

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba a Najeriya kaɗai ake yinsa ba. A Amurka, a 2015, hukumar kare masu saye ta FTC ta sa kamfanin TracFone, mai sayar da layukan da ake biya kafin amfani irin namu, ya biya dala miliyan 40 saboda ya tallata data mara iyaka alhali yana rage wa mutane gudu ko yanke su ba tare da ya bayyana ba. A 2019 kamfanin AT&T ma ya amince ya biya dala miliyan 60 a kan irin wannan laifi. Abin da aka kama su da shi ba rage gudun ba ne, ɓoye shi ne. Shi ya sa yanzu kusan ko'ina sharaɗin a rubuce yake, mai saye ne kawai ba ya karantawa, mai talla kuma ba ya faɗa sai an tambaye shi.

Iyakar tana zuwa ne da fuska uku, kuma bambancinsu yana da muhimmanci a gare ka. Akwai tsarin da ke ba ka wani adadi a wata, a ce gig 150, da cikakken gudu, daga nan a matse ka har ƙarshen wata. Akwai wanda ke raba adadin rana-rana, a ce gig 5 kullum, in ka cinye da azahar sai ka yi tafiyar hawainiya har sha biyun dare. Akwai kuma wanda tun ranar farko an ƙayyade gudunsa, a ce megabit 10 ko 20 a daƙiƙa, ba zai taɓa wuce haka ba ko sabis ya cika. Na biyun shi ne ya fi cutar mai shago. Gig 5 sau kwana 30 ya ba da gig 150 a takarda, amma ranar Lahadi da ka rufe shago ba ka ci komai ba, ba za a tara maka ita ba. Ranar da kuma aiki ya yi yawa, ɗalibai suka cika shago ana ɗora takardun rajista da hotuna, kwamfuta kuma ta zaɓi ranar ta sabunta kanta, a ranar ne za ka buga kanka da bango. Na ukun, in gudun ya kai megabit 10 kuma da gaske yana kaiwa, sau da yawa shi ya fi gaskiya, domin abin da aka ce maka shi kake samu daga farkon wata zuwa ƙarshe. Sai dai shi ma ka bincika, wasu suna haɗa masa adadin wata a ƙarƙashi.

Yanzu ga lissafin da zai nuna maka ma'anar gudun da aka rage, domin lambobin da suke rubutawa ba sa gaya wa mutum komai sai an juya su. Ana auna gudu da bit, ana auna data da bait, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Saboda haka megabit 1 a daƙiƙa yana nufin kilobait 125 a daƙiƙa, wato kimanin MB 450 a awa. In an mayar da kai kilobit 512, MB 230 za ka iya ja a awa. In kilobit 256 ne, MB 115 kacal. Ka ɗauki fayil mai nauyin gig 1: a megabit 20 zai sauka cikin kusan minti 7, a kilobit 256 kuwa sai ya kusa awa 9. Kuma wannan in kai kaɗai ne a kan rautar. In kwamfuta biyu da waya huɗu ne suke rabon kilobit 256 ɗin nan, kowa ya tashi da ɗan abin da ya wuce 40, wanda saƙon WhatsApp na rubutu kawai zai iya ɗauka cikin natsuwa. YouTube da kansa ya bayyana gudun da yake buƙata gwargwadon ingancin hoton bidiyo: megabit 0.7 don 360p, 1.1 don 480p, 2.5 don 720p, 5 don 1080p. Ka ga kenan ko mafi ƙanƙantar waɗannan ya fi ƙarfin layin da aka matse. Zoom ma yana neman kilobit 600 don kiran bidiyo na mutum biyu. Don haka a lissafinka, data da ke zuwa bayan an rage gudu ka ɗauke ta a matsayin gyara, irin wadda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Abin da ka saya da gaske shi ne adadin da ke zuwa da cikakken gudu, shi za ka raba kuɗinka da shi.

To, abu na farko da za ka auna: gig nawa kuke ci a wata? Ka gaya min naira, ba ka gaya min gig ba, kuma mafi yawan mutane haka suke, sun san abin da suka biya amma ba su san abin da suka sha ba. Ka karɓi wayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. A Android ka shiga Settings, ka nemi Data usage, zai nuna maka jimillar wata da kuma abin da kowace manhaja ta ci. A iPhone yana ƙarƙashin Cellular ko Mobile Data, sai dai shi ba ya komawa sifili da kansa, sai ka gangara ƙasa ka danna Reset Statistics yau, ka dawo bayan mako biyu ka ninka abin da ka gani sau biyu. A kwamfutar Windows akwai Data usage a cikin Network & Internet, yana nuna kwana 30 da suka wuce. In kwamfutocin shago daga hosfot ɗin wayarka suke sha, kada ka ƙirga su sau biyu. Ka rubuta komai a takarda ɗaya.

Za ka ga abin mamaki a jerin nan. Aikin shagon da kake tsammani shi ke cin data ba shi ne ba. Duba sakamakon WAEC ko NECO, buga takardar JAMB, aika wasiƙa, cike fom, duk waɗannan 'yan megabait ne. Na'urar POS ma abin da take ci a wata bai taka kara ya karya ba. Bidiyo ne ke cinye data, kusan ko da yaushe. Awa ɗaya a YouTube a 480p tana cin kimanin rabin gig, a 720p ta wuce gig 1, a 1080p ta haura gig 2. Netflix ya ce nasa yakan kai gig 3 a awa a HD, gig 7 a 4K. TikTok da gajerun bidiyon Facebook da Instagram sukan kusa gig 1 a awa, kuma sun fi haɗari domin suna sauke bidiyo na gaba tun kafin ka iso gare shi, ko ka kalla ko ka wuce an riga an cire. Yaro ɗaya mai awa biyu kullum a kan waɗannan zai iya cin gig 40 zuwa 60 a wata shi kaɗai, in da zai samu. Sai kuma ɓarayin ɓoye: zaurukan WhatsApp da ke sauke kowane bidiyon biki da wa'azi da kansu, Google Photos da ke kwashe hotuna yana ajiyewa, da sabunta manhajoji.

A ce ka haɗa ka samu gig 45. Naira 24,000 raba 45 ya ba da kusan naira 533 kowane gig. Wannan ita ce lambar da za ka riƙe.

Yanzu mu duba ainihin kuɗin sabon tsarin, domin ba naira 30,000 ba ne. Rautar ta 40,000, in ka shimfiɗa ta a kan wata 12, naira 3,300 ce da ɗoriya a wata. Sannan ga abin da masu talla ba sa taɓa ambata: rauta wuri ɗaya take zama. In ka ajiye ta a shago, uwargida a gida ba ta da komai. In ka ajiye ta a gida, shago ya koma kan hosfot. In kuma kana ɗaukarta safe da yamma, to da rana gida babu, kuma yaran da suke cikin makaranta ko a hanya dole su sayi tasu. Ko a mafi sauƙin hali, waya uku za su buƙaci ƙaramar data ta fita waje, a ce naira 1,500 kowace, 4,500 kenan. Jimilla ta kai kusan 37,800 a wata. Ka raba wannan da naira 533 ɗin nan, za ka samu kusan gig 71. Ma'ana, sai abin da kuke ci ya haura gig 71 a wata kafin sabon tsarin ya fara yi maka araha a kan yadda kake yanzu. In kuna kan 45 kuma ta ishe ku da ɗan gyara, to ƙarin naira 13,800 kake shirin biya duk wata a kan abin da ba ka buƙata. Ka sa naka lambobin na gaskiya a wurin nawa, hanyar lissafin ita ce dai.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Ka ce kullum sai wani ya ce tasa ta ƙare. Wannan yana nuna gig 45 ɗin ba ita ce buƙatarku ba, ita ce abin da aljihu ya bari. Wataƙila ɗaya daga cikin yaran yana barin darasin bidiyo saboda tsoron ƙarewar data, ko kai kanka kana mayar da aikin da ke buƙatar ɗora manyan fayiloli. In akwai irin wannan, to ƙarin kuɗin yana sayen wani abu mai amfani, ba asara ba ne. Ka zauna da su ka tambaya: me kuke so ku yi da ba ku iya yi yanzu? In amsar karatu ce ko aikin da ke kawo kuɗi, ka ƙara shi a lissafi. In amsar ita ce ƙarin kallo, wannan shawarar maigida ce, amma ka sani cewa gidan da ya koma data mara iyaka cinsa yakan ƙaru, kuma ba kasafai yake komawa baya ba. Dalili ɗaya na na'ura ne: waya tana ɗaukar duk Wi-Fi a matsayin kyauta. Da zarar ta hau, sai ta fara duk abin da ta jinkirta, sabuntawa, ajiye hotuna, ɗaga ingancin bidiyo zuwa 1080p. Haka ake cinye gig 150 kafin ashirin ga wata a gidan da da yake rayuwa da 45.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da mutane ke tsallakewa. Kuna sayen data kashi-kashi a layi huɗu ko biyar, kuma ƙananan ƙunshi su ne mafi tsada a kowane gig. Babban ƙunshi ɗaya na wata, mai iyaka, yakan sauko da farashin gig sosai. Ka buga *312# a layinka, wanda tun 2023 ya zama lamba ɗaya ta sayen data a duk kamfanonin Najeriya, ka duba manyan ƙunshin, ka raba kuɗin kowanne da gig ɗinsa. *323# kuma na duba ragowar data ne. Sau da yawa za ka tarar babban ƙunshi mai iyaka ya kusa ko ya fi "mara iyaka" araha, kuma yana da fa'ida biyu: gudunsa ba ya raguwa har gig na ƙarshe, sannan tun 2018 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta umurci kamfanoni su riƙa tura wa mutum ragowar datarsa zuwa wata na gaba in ya sabunta cikin wa'adi. A tsarin mara iyaka babu ragowar da za a tura. Watan da yara suka tafi hutu ƙauye, ko ka yi tafiya, kuɗin ya tafi gaba ɗaya.

Abu na biyu da za ka auna shi ne wanda ya fi kayar da mutane, kuma ina so ka ba shi lokacinsa: sabis ɗin wannan kamfani a cikin ɗakin da za ka ajiye rautar, a lokacin da za ka yi amfani da ita. Data mara iyaka a kan sabis mara ƙarfi kuɗi ne aka zuba a rijiya. Turken sadarwa ɗaya yana da adadin abin da zai iya ɗauka, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa rabawa ake yi da shi. Unguwa irin Samaru, da ɗaliban ABU suka cika ta, tana iya ba ka gudu mai daɗi da hantsi, amma daga bayan magariba zuwa sha ɗayan dare, lokacin da kowa ya kwanta da wayarsa, ya faɗi warwas. Sandunan sabis da ke saman waya ba sa nuna wannan. Suna nuna ƙarfin isowar sigina ne kawai, ba yawan mutanen da ke kan turken ba. Shi ya sa za ka ga sanda huɗu cif amma shafi ya ƙi buɗewa.

Ga yadda za ka gwada. Ka samu layin kamfanin da ke sayar da rautar, ka sa masa ƙaramar data ta mako. Ka tsaya a daidai wurin da rautar za ta zauna, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka gwada sau uku a rana: tara na safe, biyu na rana, tara na dare. Ka yi haka kwana uku, har da rana ɗaya ta ƙarshen mako, a shago da kuma a gida. Ka rubuta gudun saukewa da na ɗorawa duka, domin kai mai shago na ɗorawa ya shafe ka. Ka lura gwajin kansa yana cin data, gwargwadon saurin layin, don haka kada ka yi ta maimaitawa. Lambar da za ka yi hukunci da ita ita ce mafi ƙanƙanta, ta dare. In ta tsaya a megabit 8 zuwa 10 ko sama, gida mai mutum huɗu zai ji daɗi. In tana faɗowa ƙasa da 3, ka bar maganar wannan kamfani ko nawa ne farashinsa. In akwai maƙwabci mai irin rautar, ka roƙe shi aronta na yini ɗaya, wannan ya fi kowane gwaji, domin eriyar rauta ta fi ta waya kama sigina.

Maganar 5G ma a nan take. MTN ya fara shi a 2022, Airtel ya biyo a 2023, kuma a kan zangon megahaz 3,500 yake tafiya. Irin wannan zango yana da sauri amma ba ya nisa, kuma bango yana karya shi. Zangon ƙasa, irin 700 da 800, shi ne ke ratsa gini ya kai nesa, sai dai gudunsa bai kai ba. Saboda haka rubutun 5G a jikin kwali ba ya nufin za ka samu 5G a ɗakinka. In babu shi a layinku, rautar za ta koma 4G, ka biya kuɗin doki kana hawan jaki. In ka riga ka samu rauta a hannu, ka shiga shafinta ta adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka nemi lambar RSRP, wadda ke nuna ƙarfin sigina. Tana zuwa da alamar ragi. In tana tsakanin 80 da 90 sigina mai kyau ce, in ta kai 105 ta fara rauni, in ta wuce 115 wahala ce kawai. Ka ɗaga rautar sama, kusa da taga, ɓangaren da ke fuskantar turke, nesa da firji da ƙofar ƙarfe. Rufin kwano da katangar bulo mai kauri suna cin sigina sosai, kuma matsar da rauta taku uku kawai zuwa bakin taga yakan canza lambar nan da yawa.

Abu na uku gajere ne: wuta. Rauta ta tebur ba ta da batir a yawancin lokuta, wutar volt 12 take sha. In aka ɗauke wuta ta mutu, kwanakin tsarinka kuwa suna ci gaba da tafiya. A shago kana da janareta ko sola saboda kwamfuta, to babu matsala. A gida sai ka tanadi ƙaramin batir na rauta mai fitar da volt 12, ko fawa-banki da igiyar da ke ɗaga volt 5 zuwa 12. Fawa-banki mai 10,000mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 37, in an cire asarar juyawa a ce 30, don haka rautar da ke cin wat 6 za ta yi kusan awa 5, ta 5G da ta fi ci kuwa ƙasa da haka. Wannan ma kuɗi ne, ka sa shi a lissafi.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai sayarwa ya nuna maka sharuɗɗan a shafin kamfanin, ba a bakinsa ba, ka ɗauki hotonsu. Ban da adadin FUP da gudun bayansa, ka tambayi ko tsarin yana aiki in an cire sim ɗin an sa a waya, domin da yawa an ɗaure su da rautar. Ka tambayi ko rautar tana karɓar layin wani kamfani, galibi ba ta karɓa, kuma wannan yana nufin in sabis ya lalace a unguwarku bayan wata uku, naira 40,000 ɗinka ta zama kayan ado. Ka tambayi kwana nawa ne "wata" a wurinsu: in 28 ne, sau 13 za ka biya a shekara ba 12 ba. Ka tabbatar an yi wa sim ɗin rajista da sunanka da lambar NIN ɗinka, ba da sunan yaron shagon da ya sayar maka ba, domin ranar da layin ya samu matsala mai sunan kaɗai za a saurara. Kuma kada ka gina lissafinka a kan farashin watan farko ko kyautar da ke zuwa da sabuwar rauta. Farashi yana motsi: a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100, bayan farashin ya daɗe bai canza ba tun 2013. Saboda wannan dalili ban ba ka shawarar biyan wata shida ko shekara a dunƙule ba sai ka gwada wata biyu ka gamsu.

Ba ka tambayi kiran waya ba, amma tunda wasu tsare-tsaren suna haɗawa da "kira mara iyaka", ka sani shi ma yawanci tsakanin layin kamfani ɗaya ne, ko kuma yana da adadin mintuna a ɓoye. Kiran murya ta WhatsApp bai kai MB 1 a minti ba, wato gig 1 zai ba ka fiye da minti 1,000. Kati kana buƙatarsa ne don kiran waɗanda ke da ƙaramar waya, kuma wannan ƙaramin ƙunshin mintuna ya ishe shi.

To wa tsarin ya dace da shi? Wanda ke cin fiye da gig 80 ko 100 a wata a wuri ɗaya, mai sabis mai ƙarfi da dare, mai wuta. Mai ɗora bidiyo a YouTube, mai aiki daga gida da taron Zoom kullum, gidan da ke kallon talabijin ta intanet, ɗakin ɗalibai huɗu ko biyar da za su haɗa kuɗi, shagon da ke tura wa mutane manhajoji da fina-finai. Ga waɗannan, ko da FUP, farashin gig yakan faɗo ƙasa da rabin na ƙananan ƙunshi, kuma kwanciyar hankalin rashin ƙirga yana da daraja. Wanda cinsa ya wuce haka nesa, gig ɗari uku ko huɗu, shi kuma ya fara tambayar ko akwai intanet na igiya ta ƙarƙashin ƙasa a layinsu, ko ya duba Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya shigo Najeriya a 2023, duk da tsadar kayansa.

Kai kuwa, Malam, daga abin da ka bayyana, gida da shago wuri biyu ne, aikin shagon ba mai cin data ba ne, kuma ina kyautata zaton wayoyin yaran ne ke ɗauke da kaso mafi girma. Shawarata ka yi wata ɗaya na gwaji ba tare da ka sayi komai ba. A kowace waya ka kashe sauke bidiyo da kansa a WhatsApp, ka tsayar da YouTube a 480p, wanda a fuskar waya ba a cika ganin bambancinsa ba, ka kunna Data Saver a TikTok da Facebook. A kwamfutocin shago ka shiga saitin Wi-Fi ɗin da suke hawa ka kunna Metered connection, wannan zai hana Windows jan manyan sabuntawa ba da saninka ba, sai ka zaɓi dare ɗaya a wata ka yi su da datar dare mai araha. Ka sayi babban ƙunshi ɗaya a layin da ya fi ƙarfi a gwajinka, ka raba wa sauran daga ciki ko ka sa shi a MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai batir. In ƙarshen wata ya zo kuka haura gig 70 duk da wannan tsimi, kuma gwajin dare ya ba ka megabit 8 ko fiye, je ka sayi rautar da zuciya ɗaya.

In ka saya, ranar farko ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ta Wi-Fi da ta shiga shafin rautar duka, ka kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Ka gargaɗi yara a kan lambar QR da Android ke nunawa don raba Wi-Fi, ta nan kalmar sirri ke zagaya unguwa ba tare da kowa ya furta ta ba. Duk mako ka leƙa jerin na'urorin da ke kan rautar, in ka ga bakwai alhali naku shida ne, ka sake canzawa. Ka kashe sabunta tsarin data ta kai-tsaye a wata biyun farko domin kada a cire maka kuɗi kafin ka yanke shawara. In kuma aka rage maka gudu kafin ka kai adadin da ke rubuce a hoton da ka ɗauka, ka kira 300 ka shigar da ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta. In ba a gyara ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne, za su nemi wannan lambar.